Rigar Makirufo

Iskar nan ba ta sallama.
Daga kan duwatsun ƙanƙara take gangarowa,
ta ratsa Puerto Natales tana bankaɗe ƙofofi,
har ta iske ni a garken kakana
riƙe da makirufo tsirara.

Fitonsa na zo naɗa.
Baldomero Cárcamo, shekara tamanin da ɗaya,
haƙora huɗu suka rage masa
da fito goma sha bakwai, kowanne da aikinsa:
wannan na "zagaya ta hagu", wancan na "kwanta",
ɗaya na kiran Chispa, karyar da ta mutu bara,
wanda har yau yakan suɓuce masa da yamma.

Kwana uku ina naɗa.
Da na kunna, sai gurnani,
kamar ana jan buhun tsakuwa bisa rufin kwano.
Tsohon yana can ƙarƙashi,
allura a cikin ruwa.

Na duba kuɗin rigar makirufo ta kanti.
Tumaki huɗu!
Na kife wayar, na yi tagumi.

Goggo Nélida ba ta son tagumi a kicin ɗinta.
Ta ce, "Miƙo abin nan."
Ta zaro matatan shayi guda biyu,
ta haɗa su baki da baki kamar ƙwarya da faifai,
ta cire robar daurin gashinta,
ta rataye makirufon a tsakiya yana lilo.
"Kada ya taɓa ƙarfen, ki bar masa fili.
Iskar da ta kwanta a ciki
ita ke tare ta waje."
Ina ta san haka? Ta ce daga tagar hunturu.

Sai tsohuwar safa mai tsani a dunduniya,
aka ja ta bisa kejin har ta yi ɗamas.
Saura gashi.
Duk muka juya muka kalli beyar wasana,
mai ido ɗaya, zaune kan kabad tun ina shida.
Na ce a'a. Can na ce to.

Da reza ta yanka, ta bayan ƙyallen,
don almakashi yana cinye gashi.
Ta kara shi a bakina: "Hura.
In numfashi ya wuce da ƙyar, murya za ta wuce."
Allura, baƙin zare, mataji.
Peso ko ɗaya bai bar gidan ba.

Da safe na ɗaga shi kan sanda,
karnuka suka yi ca a kaina, sun zaci zomo ne.
Iska ta zo da fushinta,
ta faɗa cikin gashin,
ta rarrabu sili-sili, ta rasa abin mari.

Ran nan na samu fito tas,
har da ɗan shaƙar da yake yi kafin na bakwai.
Na sa masa a kunne, ina jiran yabo.

Ya daɗe shiru.
"Wane ne wannan?"
Na ce, kai ne mana.
"Wannan a ɗaki yake fito.
Mai fito a ɗaki ba shi da tunkiya.
Shekara sittin muna musu da iskar nan,
kin cire ta, kin bar ni ina ihu ni kaɗai
kamar mahaukaci."

Goggo ta yi dariya har da hawaye,
ta ɗauko almakashin da ta hana ni,
ta rage gashin gefe guda,
faɗin yatsa, ba ƙari.

Wancan naɗin na ajiye.
Iska tana ciki, amma daga nesa,
kamar maƙwabciya tana mita bayan katanga.
A minti na tara ya kira Chispa.
Ya jira.
Ban yanke wurin ba.

Beyar ta koma kan kabad,
baya da facin buhun gari,
tana kallona da idonta ɗaya.