Ɗan Ja Ya Ƙi Tashi

An ɗauke wuta tun kafin la'asar,
har isha ba ta waiwayo Mabera ba.
Bango yana amayar da ranar da ya sha,
katifa ta zama tanda.
Inno na kwance, jininta ya hau,
mafici ya gaji a hannun Luba.
Altine yana Illela da buhunan albasa,
wayarsa ta ce ba a samunsa.

Na jawo Ɗan Ja daga bayan randa.
Na buɗe mai, na rufe cok, na ja igiya.
Ya yi tari ɗaya, kamar baƙo a zaure,
ya yi shiru.
Na ja. Na ja. Na ja har kafaɗa ta amsa.
Ba komai sai warin fetur.

Sai muryar Bagudu mai gyara ta dawo min,
ranar da ya tsuguna a tsakar gidan nan
ina wanke-wanke, ina satar ji:
"Inji abu ukku shika so.
Shi sha, shi shaƙa, shi samu tartsatsi.
In yaƙ ƙiya, guda anka hana mai.
Ba aljannu na ba."

To, bismillah.
Luba, haska min da waya.

Tanki da mai, har rabi.
Na zare tiyo, yana ɗiga, babu gardama.
Na buɗe gefe, na ciro soso,
ya toshe da dusa da gashin kaza.
Na wanke, na matse, na mayar.
Saura ɗaya.

Sifana ta ƙi, na dafa da gwiwa,
fulogi ya fito baƙi ƙirin,
jiƙe sharkaf, kamar gindin tukunyar biki.
Nan na gane hannun mijina.
Altine ba ya iya awo,
ko a cefane ko a tanki:
an ce masa murfi biyu na baƙin mai,
shi yakan ƙara na uku don albarka.
Albarkar ce ta shaƙe bawan Allah.

Tsohon buroshin haƙori, ɗan fetur a gwangwani,
guntun sanfefa daga aljihun tagarsa.
Na goge har ƙarfe ya tuna launinsa.
Na jingina shi jikin inji,
na ce Luba ta ja a hankali.
Sai ga wani ɗan tauraro shuɗi
ya yi tsalle tsakanin leɓe biyu.
Ya cije ni a yatsa.
Ban taɓa murnar cizo irin haka ba.

Na ɗaura da hannu kafin sifana.
Ja ɗaya: tari.
Ja biyu: ya kama,
ya yi rawar sanyi, na buɗe masa cok,
ya daidaita murya kamar mai sukar dawa
da ya sami abokin hira.

Daga ɗaki Inno ta ce:
"Shigo da shi ciki, ɓarayi na nan."
A'a, Inno.
Hayaƙinsa ba ya sallama,
ba ya kuma tashin wanda ya kwantar.
Na sa masa sarƙa a gindin dogon yaro,
inda iska za ta raba mu.

Fanka ɗaya, ƙwai ɗaya.
Luba ta ɗauko dutsen guga, na harare ta.
Jaki ne, ba raƙumi ba.

Can wajen ɗaya Inno ta fara minshari.
Na rufe mai, na bar shi ya shanye na bakinsa,
ya mutu da kansa, kafireto a bushe.

Da asuba wayar Altine ta shigo:
"An kira Bagudu?"
Na dubi baƙin da ya maƙale a farcena,
wanda alwala ba ta fitar ba.
Na ce an kira.
In za ka dawo, taho da sabon fulogi.
Awon mai kuwa, bar min.