Jirgin Tafkin Vermilion

Ƙanƙarar tafki ta narke,
muka je filin Halvorsen mai jiragen ruwa,
mu huɗu da kare.

Tova na son farin nan mai dogon hanci,
ya ja ta da igiya, ƙafafunta kan katako,
ruwa na tsagewa kamar yadi a hannun tela.
Leif ko oho, tayar roba kawai,
a wujijjiga shi har ya faɗa.

Kaka Marlys ta dafa gwiwa:
"Ni dai faffaɗa, mai rumfa,
inda zan ajiye shayina
in kalli faɗuwar rana."

Ni kuwa lissafi nake a bayan rasit:
mai, tirela, kuɗin ajiyar hunturu.
Aljihu ba ya jin lallashi.

Muka ɗauki na hannu, kore,
fenti ya ɗaye, kujera da faci.
Bai kai gudun Tova ba,
bai kai faɗin Kaka ba.

Ran Asabar igiya ta miƙe,
yarinya ta tashi bisa ruwa tana ihu.
Kaka ce ta ce, "Ƙara wuta!"
shayi na zuba a cinyarta.