Gugan Gidanmu Ya Huje

Kwana arba'in da ɗaya ke nan
da murfin gilas ya kife kan Katsina.
Ba tsuntsu, ba jirgi, ba saƙon waya,
Gobarau kanta ta manta da shirwa.

Masu murfin ba su da fuska:
ƙafa shida, ido ɗaya kamar gindin kwalba.
Yara suka raɗa musu Ƙwarin Sama.
Sun tsince Hausa cikin dare guda,
kalma kalma, kamar kaza da tsaba,
amma ba su taɓa zaman zaure ba,
ba kakar da ta taɓa yi musu habaici.

Ni Tasalla, mai gyaran rediyo a Rafindadi,
ni suka ɗauko, da ƙaurin dalma a hannuna.
Suka ce, “Mutanenki sun taru a Dutsin-Ma.
Ki gaya musu lafiya kuke, su watse.”
Suka ɗaura mini zare a wuyan hannu
mai sauraren bugun jini:
in na yi ƙarya, zai sani kafin in haɗiye yawu.

To, ƙarya ta haramta.
Saura gaskiya, ita ma tana da ƙofar baya.

Na san abu biyu da ba su san na sani ba.
Rana suke sha, ita ce furarsu,
kafin asuba ƙafafunsu kan yi nauyi.
Kuma wajen Ƙofar Guga murfin ya tsage,
na ji tashar Maraɗi na ɗigowa ta nan
cikin wata tsohuwar akwati da nake gyara.

Na gyara murya, na matso bakin na'ura:

“Shekarau, ɗan'uwana, Tasalla ce.
Muna nan, muna numfashi.
Baƙi muka yi, ba su rage mana aiki ba.
Ina kewar Baba, kuma na kusa ganinsa.
Gugan gidanmu ya huje ta gefe,
har yau ba wanda ya lura sai ni.
Ka tuna lokacin da muke satar mangwaro
a lambun Malam Barau?
Ban taɓa son wani lokaci kamarsa ba.”

Zaren bai motsa ba.
Da me zai kama ni?
Gugan roba na nan rataye a tsakar gida,
ɓera ya huda shi tun bara.
Baba kuwa shekara tara yana Ɗan Takum,
ƙasa a kansa,
Shekarau ne ya sa itacen ƙarshe.
Mangwaro ba a satarsa da rana tsaka,
sai zakara na farko ya yi gyaran murya.

Babbansu ya juya idon kwalba,
ya auna kalmomina, ya ga ba tsakuwa.
Ya ce, “Mene ne guga?”
Na ce, “Abin da ake aikawa ƙasa
ya hauro da wanda ke can ciki.”
Ya adana wannan ma, ya yi shiru.

Daren nan ban runtsa ba.
In Shekarau ya tsufa fa, ya manta?
In ya ɗauka tsoro ya taɓa mini kai?
Tun muna yara shi ne mai jinkirin gane wasa,
sai an gama dariya tasa take zuwa.

Taurari suka dushe bayan gilas.
Ƙwarin suka fara jan ƙafa,
ido ɗaya bayan ɗaya yana lumshewa.
Zakara ya yi cara a Yarinci.
Shiru.
Na ce shi ke nan, na yi wa bango magana.

Sai daga yamma wani abu ya ce ƙas,
kamar tulu ya faɗi a gidan maƙwabta.
Iska ta shigo, iskar waje, mai ƙamshin raɓa,
bisa bayanta fito sau uku,
irin wanda ake yi daga kan reshe
in mai lambu bai farka ba.

Zaren hannuna ya haukace da bugu.
Na bar shi ya faɗi gaskiyarsa.