Gidan Zanzaro

Ran Laraba suka turo shi garejinmu na Bilbis,
babur mai ƙafa huɗu, na masu allurar dabbobi,
da can ja ne, rana ta lashe jan.
Alkasum ya sauko yana tsaki:
"Da safe ingarma ne.
Mu doshi Kalfu, sai tari.
In murɗa hannu, ya yi mini gunaguni,
ya ga tudun rairayi ya durƙusa
kamar raƙumin da ya shinshino gida.
In bar shi ya huce, ya tashi garau,
kamar ni na yi masa ƙarya."

Maigida Arzika na bisa benci, ƙafa a kumbure.
Ko ɗagowa bai yi ba.
"Tsahiru, naka ne."

Shekara huɗu ina wanke ƙarafa cikin gazuwal,
yau aka kira sunana.

Na fara da buji, don kowa da buji yake farawa.
Na kanga ta jikin inji,
wuta shuɗiya ta yi tsalle, ƙyas, lafiya lau.
Duk da haka na canja ta,
don a ga ina aiki.

Na ciro matatar iska na kakkaɓe,
ƙaiƙayin gero ya zubo, bai cika tafi ba.
Karbirato kuwa na baje ta a faranti
kamar kayan cikin kaza,
na hura kowane rami, na ɗaga wa rana,
rana ta leƙo ta kowanne.
Na tsine wa mai isansin kwalba na bakin tasha,
bawan Allah, bai ji ba, bai gani ba.
Na tsiyaye tanki, na zuba sabo.

Na hau. Iska ta cika mini riga.
Na wuce kasuwar dabbobi ina jin kaina wani.
Kwata guda.
Tari.
Na dawo da turi, yara na bi na da dariya.

Da la'asar na ce, "Maigida, zoben fistan ne.
Sai an buɗe inji. Jikka sittin, in an yi sauƙi."
Ya daɗe yana kallona.
"Ɗauke ni."

Ya zauna bayana, nauyinsa kamar buhun albasar Galmi,
numfashinsa na huci a wuyana.
Daidai wata bagaruwa inji ya shaƙe.
"Kashe. Rufe bakinka kai ma."

Ya miƙo hannu ya murɗa marfin tanki.
Fuuu.
Tankin ya ja numfashi
kamar mai yasar rijiya da aka fiddo.

Da yatsa ya bi wata siririyar tiyo
da na ture gefe sau goma tun safe,
har bakinta, can ƙarƙashin sitiyari.
A liƙe take da busasshen laka,
shafe sumul, aikin gwanin magini.
Ya ɓalle ƙaya ya tsokana.
Laka ya faɗo a tafina,
da wata koriyar tsutsa, a sume,
guzurin ɗan da ba a ƙyanƙyashe ba.

"Duk damina yana ajiye a rumfa," in ji shi.
"Zanzaro ya ga ɗaki ba mai shi.
In iska ba ta shiga ba, mai ba ya sauka.
Kai ka tambayi abin da yake ci,
ba ka tambayi ta ina yake shaƙa ba."

Muka hau tudun nan a giya ta biyu
har muka hango fitilun Tawa suna kamawa.

Alkasum ya ce nawa ne.
Maigida ya ce, "Ƙaya kyauta ce.
Bujin kuwa, Tsahiru zai biya."

Tsohuwar bujin na aljihuna har yau,
ba abin da ya same ta.
Da dare, in na ja ƙofar gareji,
nakan ɗan tsaya kusa da benci,
in ji yadda ƙirjinsa ke fito a hankali,
in rasa wane marfi zan murɗa.