Takardar Kwata

Da ruwan Yuni ya kece a Agege,
kwatar layinmu ta shiga tonon asiri:
baƙin mai daga garejin Jatau,
jinin mahauta, kumfar masu wanki,
ledar fiyawata tana iyo kamar agwagwa.

Washegari sai ga Madam Mojisola,
takalmin roba har gwiwa.
Ta ɗebi ruwan a 'yar kwalba,
ta ɗaga shi saitin rana, ta yamutsa fuska.
"Ina takardar izinin zubar da ruwa?"

Jatau ya yi dariya har da dukan cinya:
"Ruwan Allah ne fa, Madam.
Ni na haɗa hadarin? Ni na yi tsawar?"
Ta ce, "Fari tas ya sauko.
A ƙofarka ya yi baƙi."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma.

Yanzu akwai duro a bayan gareji,
can tsohon mai yake kwana.
Takardar tana bango, gefenta ya jiƙe.

Jiya ya sayi soyayyen kifin Makoko,
ya juya shi, ya sansana,
ya kalli faratansa
kafin ya kai baki.