Rajistar Aji Biyu

Litinin na buɗe rajista,
alli a hannu, biro a kunne.
Na kira Tasi'u, bai amsa ba.

Wani daga baya ya ce, "Malam,
yana Fam Santa gun yayansa,
yana sauya gilashin waya.
Jiya dubu biyu ya samu,
kai ko albashinka bai shigo ba."

Aji ya tuntsire. Na haɗiye.

Balaraba fa? Daga Kurna take.
Kuɗin adaidaita ya ninka,
uban ya auna da na garin tuwo,
lissafi bai fita ba.

Nazifi ya kai aji biyu
bai iya haɗa baƙi ba.
Su ɗari da ashirin a ɗaki,
ni ban lura ba.
Kunya ta kore shi, ba bulala ba.

Asabar, a Ƙofar Ruwa,
babur ɗina ya mutu.
Wani yaro, baƙin mai har gwiwar hannu,
ya ɗago kai: "Malam, fulogi ne."
Ashe Sadisu ne.
Ya gyara, bai karɓi ko sisi ba.

Da jan biro na zauna har isha'i.
Ban iya soke sunansa ba.