Ɗan Akuyar Bai Tashi Ba

Ni ne mai gidan kallo a Kyarama:
rumfar kwano, benci shida, janareta mai tari.
Hamsin-hamsin nake karɓa a bakin labule,
ban taɓa tambayar shekarun kowa ba.

Lurwanuna ba ya biya.
Can gaba yake zama, cikin yashi,
hasken akwatin na wanke masa fuska,
baki buɗe, tuwonsa na hucewa a gida.
Ko famfara bai gama ba.

Da kaka ya fere karan dawa ya yi bindiga,
muka yi dariya.
Ya harbe kakarsa tana ɓarar wake,
ta ce, "Wayyo, maigida ya kashe ni!"
Muka ƙara dariya.

Ranar kasuwar Ringim na dawo da la'asar,
na iske Hansatu tsaye da muciya, ta kasa magana.
Ɗan akuyar da aka haifa shekaranjiya
na kwance gindin turmi, wuya a karkace.
Lurwanu ya tsuguna a kansa yana dukan ƙasa,
ɗaya, biyu, uku,
yadda alƙalin kokawa ke yi.

"Baba, ai tashi suke yi.
Jiya ma an jefo wani daga bene, ya tashi."

Na ɗaga hannu zan mare shi,
sai na ga ya zuba wa hannun ido,
irin kallon da yake wa akwatin.
Na sauke.

Magariba ta wuce.
Uwar akuyar ba ta daina kira ba.
Yara sun taru bakin labule,
kowa da hamsin ɗinsa a dunƙule.
Igiyar janareta na hannuna.
Ban ja ba tukuna.